Furannin Ƙyalle: Yadda Ragowar Yadi Ke Komawa Jari

IKKO: Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara a kasuwar musayar kuɗi cikin watan Yunin 2023, farashin atamfa da leshi da shadda ya yi tashin gwauron zabi a manyan kasuwannin yadi na ƙasar nan, tun daga Balogun a Ikko, da Ariaria a Aba, har zuwa Kantin Kwari a Kano. Dala ɗaya da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance kafin ɗaukar wannan mataki ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake galibin yadin da ake ɗinkawa a Nijeriya daga waje ake shigo da shi, musamman daga ƙasar Sin, bayan durƙushewar masaƙu irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 aka kuma rufe a 2002, duk wani hawa da Dala ta yi sai ya bayyana a kan teburin tela.

Wannan hali ya ƙara wa ƙyalle daraja, watau guntayen yadi da ragowar leshi da bakin zane da ke zuba ƙasa yayin yanka. A da, ana share su ne a zubar, ko a cusa a matashin kai. A halin yanzu kuwa akwai masu sana'a, galibinsu mata, da ke mayar da su furannin kwalliya waɗanda ake maƙalawa a riga, da ɗankwali, da hular mata, da jaka, da takalmi, da kuma tufafin 'yan wasa.

Yawan abin da ke zuba

Masana harkar ɗinki na ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na yadi kan salwanta a wajen yanka. Turmin atamfa yadi 6 ne. Ke nan idan aka ɗauki kashi 15, abin da ke zuba daga turmi guda ya kusa yadi ɗaya cur, wanda kuma an riga an biya kuɗinsa.

Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, faɗin atamfa kuwa kimanin inci 45. Idan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace inci 3 tsawo inci 3 faɗi, za a sami gunduwa 180, waɗanda suka isa a haɗa fure 36 masu ganye biyar-biyar. Gaskiya ne ƙyalle ba ya zuwa a miƙe, wani a karkace yake, wani siriri ne, saboda haka ba duka ke amfanuwa ba. To amma ko da rabi aka ceto, fure 18 ke nan daga turmi guda. Shagon da ke yanka turame da dama a mako, musamman gabanin Salla ko Kirsimeti, yana zubar da kayan aikin ɗaruruwan furanni ba tare da ya sani ba.

Sana'a mai tsohon tarihi

A ƙasar Japan, tun zamanin Edo (1603 zuwa 1868) mata ke ninke ragowar silikin tufafinsu na gargajiya su yi furannin ado na gashi, sana'ar da suke kira tsumami zaiku, kuma har yau ana yin ta a birnin Tokyo. A Jamus, garin Sebnitz ya shahara da furannin yadi tun daga 1834. A birnin Paris na Faransa, gidan sana'ar Lemarié da aka kafa a 1880 shi ke yi wa kamfanin Chanel furen nan na kameliya da aka san kamfanin da shi, har ta kai Chanel ya saye gidan a 1996 domin kada gwanintar ta ɓace. A birnin New York na Amurka kuma, kamfanin M&S Schmalberg yana wannan aiki tun 1916. A dukkan waɗannan wurare, kuɗin yadin da ke cikin fure kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da farashinsa. Aikin hannu da tsarin fasali su ne abin da mai saye ke biya.

Hanyoyin yin furen

Akwai manyan hanyoyi huɗu, kuma irin yadin ne ke nuna wadda za a bi.

Ta farko ita ce tattarawa. A nan ana samun dogon ƙyalle siriri, ko ragowar bakin leshi, a bi gefe guda da allura da zare, sa'an nan a ja zaren har ƙyallen ya tattare ya zagaye kansa. Ita ce mafi sauƙi da sauri, kuma ita ta fi dacewa da leshi, tun da yake bakinsa a gyare yake, ba ya warwarewa.

Ta biyu ita ce ninkewa irin ta Japanawa. Ana yanka ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai wa daida, a ninke shi kusurwa zuwa kusurwa sau biyu ko uku, a matse gindinsa, sai ya fito kamar ganyen fure, mai zagaye ko mai tsini. Daga nan a jera ganyayen a kan wani ɗan faifan yadi mai kauri, a liƙa ko a ɗinke, a sa maɓalli ko dutsen ado a tsakiya. Atamfa ta fi karɓar wannan hanya domin auduga na riƙe ninki. Atamfar kakin zuma ta asali, wadda launinta ya ratsa fuska biyu, ta fi mai fuska ɗaya kyau a nan, don ninki kan bayyana bayan yadi.

Ta uku ita ce babbaka baki. Yadin roba irin su nailan da foliyesta narkewa yake yi idan ya kusanci wuta, saboda haka ana yanka shi zagaye-zagaye a kara bakinsa kusa da harshen kyandir, sai ya lanƙwashe ya daina warwarewa. Auduga kuwa kamawa take yi ta ci da wuta, don haka ba a yi mata haka.

Ta huɗu ita ce ta gidajen sana'ar Turai: a jiƙa yadi da sitati ya bushe ya yi tauri, a yanka ganyaye, kana a danna su da ƙarfe mai zafi mai dunƙulallen kai domin su yi kwarmi kamar furen gaske. Ta fi sauran cin lokaci, furenta kuma ya fi tsada.

Ina kasuwar take?

Babbar kasuwa ita ce ta anko. Idan dangi da ƙawaye suka ɗinka yadi iri ɗaya don biki, furen da aka yi da ragowar wannan yadin ba shi da abokin takara, domin babu wani kanti da zai sami irinsa. Wannan ita ce fifikon da ƙaramin mai sana'a ke da shi a kan furannin roba masu araha da ake shigowa da su daga Sin.

Sai kuma kasuwar tufafin wasa. Bikin Kalaba na shekara-shekara, wanda gwamnatin Jihar Kuros Riba ta fara a 2004, yana buƙatar kayan ado masu ɗimbin yawa a kowane watan Disamba, haka nan masu shirya finafinai a Ikko da Kano, da makarantu a ranakun al'adu. Har ila yau akwai 'yan koli da shagunan kayan yara, waɗanda ke sarin abin ɗaure gashi dozin-dozin.

Lissafin riba

Jarin farawa bai taka kara ya karya ba: almakashi, allura da zare, gam, fil, maɓallai da duwatsun ado. Keken ɗinki ma ba tilas ba ne. Sai dai a nan ne da yawa ke tafka asara, domin sukan ɗauka tun da ƙyallen kyauta ne, duk abin da aka sayar riba ce. Dole mai sana'a ta auna mintocin da fure guda ke ci, ta sa wa lokacinta farashi, ta haɗa da kuɗin gam da fil da leda da sufuri, kafin ta ɗora riba. Galibin waɗannan ƙananan kayan ma na waje ne, farashinsu na bin Dala. Yanka da yawa a lokaci guda, da raba aiki tsakanin mai yanka da mai ninki da mai haɗawa, na rage kuɗin kowane fure.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ta mallaka. Bisa ƙa'ida, ragowar yadi na wanda ya kawo ɗinki ne har sai ya yafe, kuma telan da aka ga leshin wata a kan hular wata zai iya rasa abokan ciniki. Ya kamata a nemi izini tun a wajen karɓar ɗinki. Ta biyu, ƙyalle ba ya samuwa iri ɗaya da yawa, saboda haka yana da wuya a cika odar ɗan sari mai son dozin 20 launi guda. Mafita ita ce kulla yarjejeniya da masu ɗinkin kayan makaranta da na ma'aikata, waɗanda ragowarsu iri ɗaya ce. Ta uku ita ce inganci: gam kaɗai kan saki a cikin zafin mota ko a wajen wanki, don haka furen da za a sa wa riga ya fi kyau a ɗinke shi, ko a yi masa fil yadda za a cire kafin wanki.

Ga mai niyyar faɗaɗa sana'ar, rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ita ce matakin farko na buɗe asusun banki da karɓar manyan oda. Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, wadda aka kafa a 2003, na ba da horo da shawara, yayin da mai son fitar da kaya waje ke buƙatar rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, wadda aka kafa a 1976. Su kuma masu manyan shagunan ɗinki, abin da ya fi sauƙi shi ne su fara ware ƙyallensu bisa launi da irin yadi, domin ƙyallen da aka ware ya fi wanda aka cakuɗa a buhu samun mai saye.