Kuɗin Wutar Sola da Rage Hayaƙin Masana'antu: Jama'a Su San Inda Suke Tafiya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, tayar da janareta ya zama abin da sai an zauna an yi lissafi. Mai injin niƙa da mai walda da manomin rani da ke jan ruwa da injin fetur, babu wanda bai ji a jikinsa ba. A watan Oktoban 2024 kuma, jihohin Arewa da dama suka kwashe kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Wannan ma ga masu layin ke nan. A ƙiyasin Bankin Duniya na shekarar 2021, mutum kusan miliyan 85 a ƙasar nan ba su da wutar babban layi, kuma yawancinsu a karkara suke.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, akwai maƙudan kuɗaɗe da aka ware domin magance wannan matsala ta hanyar makamashi mai tsabta. Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA, ita ce ke riƙe da ragamar aikin. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 domin wani shiri na kai wuta ƙauyuka da makarantu da asibitoci, Bankin Raya Afirka ya ƙara dala miliyan 200. A Disambar 2023 aka sake amincewa da dala miliyan 750 domin sabon shiri mai suna DARES, wanda ke da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5 da kuma maye gurbin janareta fiye da 280,000.

Ya kamata a san cewa waɗannan kuɗaɗe ba kyauta ba ne. Rance ne mai sauƙin sharuɗɗa da aka karɓo da sunan ƙasa, kuma daga aljihun talaka da 'ya'yansa za a biya. Tunda bashin na kowa ne, bin diddiginsa ma haƙƙin kowa ne.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Gwamnati ba ta raba wa mutane tsabar kuɗi a hannu. Kamfani mai zaman kansa ne ke zuwa gari, ya auna yawan gidaje da sana'o'i, ya ƙulla yarjejeniya da al'umma, sannan ya kafa ƙaramar tashar wuta: farantan sola, da batura masu ajiye wuta domin dare, da turaku da wayoyi, da mita a kowane gida. Kamfanin ne ke fara zuba jarinsa. Sai an tabbatar ya haɗa gidaje kuma wuta tana zuwa, sannan a biya shi tallafi gwargwadon yawan waɗanda ya haɗa. Tallafin yana rage tsadar kafa tashar ne domin kuɗin wuta ya sauko, amma mai gida zai ci gaba da sayen kati kamar yadda yake sa wa wayarsa. Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ce ke sa ido kan ƙa'idojin waɗannan tashoshi, kuma dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu.

An riga an gani a ƙasa. A ƙarshen 2019 aka ƙaddamar da irin wannan tasha a ƙauyen Rokota da ke Jihar Neja. A shekarar ce kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ma ta ga shagunan da suka koma sola bayan shekaru na ƙarar janareta da fargabar gobara.

Sai dai ƙwan fitila da cajin waya kaɗai ba sa riƙe tasha. Rana tana ba da wuta mafi yawa da tsakar rana, lokacin da gidaje ba su cika buƙatarta ba. Idan babu injin casar shinkafa ko na niƙa, babu famfon ban ruwa, babu firjin ƙanƙara ko na ajiye maganin rigakafi da za su sha wannan wuta, kuɗin shiga ba zai isa a sauya batura ba idan suka gaji bayan wasu shekaru. Nan ne tashoshi ke mutuwa. Don haka garin da ke son wutarsa ta ɗore, ya fara da tattara masu sana'arsa, a nemi hanyar da za su sauya injinansu na fetur da dizal zuwa na lantarki, ko da biya kaɗan-kaɗan ne.

Ɗaya ɓangaren, bayan wutar sola, shi ne na rage hayaƙin manyan masana'antu. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin kabon da take fitarwa da wanda take iya shafewa. A Agustan 2022 aka fitar da tsarin cimma wannan buri, wanda ya shafi fannoni 5: lantarki, girki, sufuri, mai da iskar gas, da masana'antu. Aikin masana'antu ya fi wuya. A kamfanin siminti irin na Obajana ko Ashaka ko Sakkwato, hayaƙin ba daga man da ake ƙonawa kaɗai yake fitowa ba. Shi kansa dutsen farar ƙasa yana sakin iskar kabon idan aka gasa shi. Gyaran yana buƙatar sabbin injina, da rage yawan gasasshen dutse a cikin siminti, da sauya makamashi, abubuwan da ke cin jari mai yawa kafin a ga riba. Shi ya sa gwamnatoci ke shiga da tallafi ko rance mai rahusa.

Wannan ya shafi Arewa kai tsaye. Rashin wuta yana cikin dalilan da suka durƙusar da masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano. Tashar sola mai megawat 10 da aka ƙaddamar a yankin Challawa a Janairun 2023 mataki ne mai kyau, amma ɗigo ne idan aka duba buƙata. Kasuwar duniya ma tana sauyawa, domin Tarayyar Turai ta kafa tsarin cajin kuɗi kan hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa kayan da ake shigar mata, kamar siminti da ƙarfe da takin zamani. Masana'antar da ta yi jinkirin gyara za ta biya da kasuwarta.

To, me ya rage wa jama'a? Masu gari da limamai da ƙungiyoyin manoma da na mata su nemi bayani a ofishin REA ko ma'aikatar wutar lantarki ta jiharsu. Kafin a sa hannu kan yarjejeniya, a karanta ta da Hausa a bainar jama'a, a tambayi farashin wuta, da awoyin da za a riƙa samu, da wanda zai yi gyara, da yadda za a yi da tsofaffin batura, domin gubar dalma da ke cikin wasunsu tana kashe yara. A yi hattara da duk wanda ya zo yana karɓar kuɗin fom da sunan rabon sola daga gwamnati. Idan tasha ta zo, a biya kuɗin wuta, a guji jan layin sata, a tsare kayan daga ɓarayi. 'Yan majalisa da 'yan jarida kuma su matsa a riƙa bayyana sunayen garuruwan da aka zaɓa, da kamfanonin da aka biya, da adadin tashoshin da ke aiki har yanzu.

Allah Ya hore wa ƙasarmu rana mai yalwa, kuma kuɗin cin moriyarta an riga an ranto. Idan muka yi shiru, za mu biya bashin ko wuta ta zo ko ba ta zo ba. Idan muka tambaya, muka bibiya, muka riƙe amanar abin da aka kafa mana, bashin zai bar mana injina masu juyawa da matasa masu aikin yi.