Ƙaramin faifan da zai iya ɗaga muryar kalangu da gurmi

 Daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela mun ga yadda biki ya koma: in an ta da manyan lasifikoki, mai kalangu da mai gurmi sai dai a ga hannunsu yana motsi, ba a jin su. Wanda ba a ji, gobe ba a gayyatar shi. To, akwai dabara.

A Ingila, mawaƙiya Imogen Heap tana sa safar hannu ta Mi.Mu, wadda ke maida motsin yatsu ya zama kiɗa. Mu kam kayan kiɗanmu dama a jiki suke, tunda kalangu a kafaɗa ake rataya shi. Abin da ya rage shi ne kunnen da zai ɗauko amonsa.

Kunnen nan wani ɗan faifan tagulla ne mai fari a tsakiya, ana ce mishi piyezo. Ana samun shi cikin matattun agogunan hannu masu ƙara da kayan wasan yara. In ya girgiza sai ya fidda ɗan kuran, abin da Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880. Mai gyaran rediyo zai laƙa waya biyu da dalma, ɗaya a tagullar, ɗaya a farin, da hanzari don zafi yana ɓata shi. Sai a manna shi a icen kalangu ko ƙoƙon gurmi, a kai wayar ga ƙaramar lasifika mai batir da za a ɗaura a ƙugu. Kar a danne fatar da shi, amo zai mutu.

Wasu sun riga mu. A Kinshasa, Mawangu Mingiedi na ƙungiyar Konono ya haɗa makirfo da mayen ƙarfen tsofaffin motoci. Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, da ice da wayar birkin keke ya yi gitarsa ta farko, har ya kai ga yin wasa a Amurka.

Gargaɗi guda: abin da ke jikin mutum, batir kawai. Kar a jona shi da kuran na NIGELEC ko na janareto, gumi da wuta ba su shiri.

Makaɗa da masu gyara, ku gwada, ku kawo muna gidan rediyo mu ji.