Na'urar Shinshinar Iska: Hancinta Ma Yana Tsufa

Duk mai shiga rijiya mai zurfi, ko ramin haƙar ma'adini, ko tankin mai, yana iya gamuwa da mugunyar iska wadda ido ba ya gani. Saboda haka ne aka ƙera wata ƴar na'ura da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji, tana yin kuka da zarar iska ta ɓaci. Amfaninta babba ne ga maginan rijiyoyi a karkara, da ma'aikatan wurare irin su matatar mai ta Damagaram wadda aka buɗe a 2011.

Galibi na'urar tana da hanci huɗu. Na farko yana auna oksijan, watau iskar da ke raya mutum. A sarari ana samunta kashi 20,9 cikin 100, in ta sauka zuwa 19,5 sai na'ura ta yi gargaɗi. Na biyu yana kama gubar hayaƙin gawayi da na injin, wadda ba ta da wari. Na uku yana kama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kwantawa a ƙasan rami. Na huɗu kuwa na iska mai kama wuta ne.

Abin lura shi ne, waɗannan hantuna suna tsufa. Hancin oksijan mai dalma a ciki yana cinyewa ko da na'ura tana kashe, ƙarkonsa wajen shekara 2 ne. Zafin bazara yana busar da ruwan maganin da ke cikinsu, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatarsu. Don haka ba a barin na'ura cikin mota a rana, ba a kuma goge ta da alkol. Tsumma mai laima ya isa.

Haɗarin shi ne, na'urar da hancinta ya mutu tana iya kunnuwa lafiya, amma ta yi shiru inda ya kamata ta yi kuka. Shi ya sa kowace safiya kafin aiki ake shaƙa mata iskar gwaji daga kwalba ta musamman wadda wa'adinta bai ƙare ba. In ba ta amsa ba, sai a daidaita ta. In ta ƙi daidaituwa, a sauya hancin.

Mai sauyawa yana aikin ne nesa da wurin haɗari. Sai ya kashe na'ura, ya kwance ƙusoshi, ya cire tsohon hanci, ya sa sabo irin wanda maƙerinta ya ƙayyade, tare da sabuwar matata. Daga nan ya dakata hancin ya natsu, ya daidaita shi cikin iska mai tsabta da kuma ta kwalba, ya rubuta ranar a littafi.

Wajibi ne shugabannin ma'aikatu su ware kuɗin hantuna da kwalaben gwaji cikin kasafin kowace shekara. Na'urar da ba a gwada ba kada a bar ma'aikaci ya sauka rami da ita.