Kan Tsibi da Ƙasan Tsibi: Tallan Katin Girafik a Idon Mai Sayen Doya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar doya ta Agyaragu, a kan hanyar Makurdi, a lokacin kaka, ya san yadda ake jera tsibi. Manya masu santsin baya, waɗanda fartanya ba ta ji musu ciwo ba, su ake ɗorawa a sama da gefen da ke kallon hanya. Matsakaita suna ciki. Can ƙasa kuma akwai ƙanana, da mai rauni, da wadda ƙwaro ya fara ci. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya, domin doyar da ke sama ta gaske ce, daga gonar nan ta fito. Amma matar da ta saba sayen doyar sakwara ba ta biyan kuɗi a kan abin da ta hango daga bakin titi. Sai ta ce, "Malam, a baje min in gani." Ta ɗaga ta ji nauyi, ta sa farce ta kankare ɓawo ta duba ciki.

Matasanmu na Lafia da ke tara kuɗi don sayen kwamfuta mai katin girafik su ma a gaban tsibi suke, sai dai ba kowa cikinsu ya san haka ba. Akwai ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafia ko na Kwalejin Fasaha ta Isa Mustapha Agwai da ke son na'urar da za ta ɗauki manhajar zanen gini. Akwai mai haɗa bidiyon biki da suna, akwai kuma mai son wasan gem kawai, wanda shi ma guminsa ne zai kashe. Dukansu sun ga tallan a waya: ruwan sama na ƙyalli a kan kwalta, hasken fitila na dawowa daga gilashin mota, gashin mutum sili-sili kamar ka kai hannu ka taɓa. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne, wani lokaci amfanin gonar gida na shekara guda ne, kuma ana yanke shawarar ne a kan bidiyon minti biyu.

Katin girafik shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da ido ke gani a allo, hoto bayan hoto, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanonin da ke kan gaba su ne Nvidia da AMD, sai Intel da ya shigo daga baya. A watan Agusta na 2018, a birnin Kolon na Jamus, Nvidia ya gabatar da katunan RTX da fasahar bin sawun haske, wato kwamfuta ta lissafa yadda kowane haske ke tafiya, ya bugi abu, ya dawo. Fasahar gaskiya ce, kuma kyanta ba ya ɓuya. To amma da katunan suka shiga kasuwa a watan Satumba, babu wasa ko ɗaya da ke amfani da ita. Sai a Nuwamba wasan Battlefield V ya samu, kuma waɗanda suka kunna ta suka ga saurin wasan ya faɗi ƙwarai. An nuna wa mutane kan tsibi, suka biya, sauran doyar kuwa tana gona ba a ma haƙo ba.

Masu yin wasannin ma haka suke yi. Abin da kamfanin Ubisoft ya nuna na Watch Dogs a 2012 ya fi wanda ya sayar a 2014 kyan haske da inuwa, har masu saye suka yi ta ƙorafi.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne wajen ƙirga. A kasuwar doya ana sayarwa da ƙwarya, wato guda ɗari. Dillali zai iya rantse maka cewa ɗari ce cif, kuma bai yi kaffara ba, alhali yawancinsu ƙanana ne da ba su wuce na iri ba. Ƙirga ta cika, nauyi bai cika ba. A watan Janairu na 2025, a bikin baje kolin CES a Las Vegas, shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya tsaya gaban duniya ya ce sabon kati RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, wanda aka fitar a kan dala 1,599. Ya ƙara da cewa hakan ba zai yiwu ba sai da ƙirƙirarriyar basira, kuma a nan ƙasan tsibin yake. Da fasahar DLSS 4, katin yana zana hoto ɗaya na gaske, sai manhaja ta yi hasashen har guda uku ta cusa kafin na gaba. Wanda aka zana ɗin ma ana iya zana shi ƙarami, kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a buɗa shi. Kamfanin da kansa ya yi alfahari da cewa a irin wannan yanayi ɗigo 15 cikin kowane 16 da ke allo hasashe ne. A wasan Cyberpunk 2077 sun nuna babban katinsu RTX 5090 ya tashi daga ƙasa da hoto 30 a daƙiƙa zuwa sama da 200 ta wannan hanya.

Ban raina wannan fasaha ba. Motsi yana yin laushi a ido, kuma mai ƙaramin kati yana samun abin da da ba zai samu ba. Amma hoton hasashe ba ya jin hannunka. Idan ka danna maɓalli, sai hoton gaske na gaba ne zai amsa, saboda haka allo na nuna lamba babba yayin da yatsanka ke jin nauyin ƙaramar lamba. A wurin gudu da juyi kuma akan ga inuwa-inuwa a gefen abubuwa. Da masu gwaji masu zaman kansu irin su Gamers Nexus da Hardware Unboxed suka sami katin a watan Maris, suka kashe hasashen suka auna, sai ga 5070 bai ko kusa da 4090 ba, ɗan kaɗan ya ɗara RTX 4070 Super na 2024. Ma'ajiyarsa giga 12 ce, ta 4090 kuwa 24. Mai haɗa bidiyon biki a Lafia ya lura da wannan sosai: hotunan hasashe na wasa ne, ba za su rage masa ko minti ɗaya ba wajen fitar da aikin amarya.

Wani lokaci abin yakan wuce jeren tsibi ya kai ga tauye mudu. An sayar da GTX 970 a 2014 da sunan giga 4, daga baya aka gano 3.5 ne ke da cikakken sauri, sauran rabin yana jan ƙafa. Masu saye a Amurka suka kai ƙara, a 2016 aka sasanta a kan biyan dala 30 ga kowane kati. A 2018 an fitar da GT 1030 iri na biyu da suna ɗaya da na farko, mai ma'ajiyar DDR4 ya gaza ɗan'uwansa nesa ba kusa ba. A 2022 surutun jama'a ya sa Nvidia ya janye RTX 4080 mai giga 12 kafin ya fito, daga baya ya dawo da shi da sunan 4070 Ti.

Wannan batun suna ya fi shafar mu, domin yawancinmu laftof muke saye, kuma na hannu, daga Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, sau da yawa ta hoton WhatsApp da direban mota. RTX 4090 na laftof ba shi ne na tebur ba, zuciyarsa irin ta 4080 ce, ma'ajiyarsa giga 16. Laftof biyu kuma za su iya ɗaukar tambarin RTX 3060 iri ɗaya, an ba ɗaya wuta wat 60, ɗaya sama da 100, aikinsu ya sha bamban. Ga kuma jabu tsagwaronsa: tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Wannan ba laifin kamfani ba ne, na 'yan damfara ne, amma asarar a aljihu ɗaya take faɗawa.

A nan mai sayen doya ya fi mai sayen kati gata. Ita doya farce ya ishe ta. Shi kati yana cikin kwali ko cikin cikin laftof, kuma tallan da ka gani an matse shi ya bi ta intanet zuwa ƙaramin allon waya, inda aibi ba ya fitowa. Duk da haka akwai abin kankarewa. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana faɗin ainihin abin da ke ciki, tana ma yi wa jabu da yawa alama. A tambayi cikakken sunan kati, da yawan ma'ajiya, da wat nawa aka ba shi. A nemi gwajin waɗanda ba kamfani ba, a wasan ko manhajar da za ka yi aiki da ita, tare da hasashe a kashe. Wanda ba zai iya zuwa da kansa ba ya tura ɗan'uwa da ya san kan abin, kamar yadda ake tura wanda ya san doya.

Sai wuta da zafi, waɗanda talla ba ya ambata. RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, 5090 kuma 575, ban da sauran kwamfutar da allo. Ko da tashar wuta ta Akurba ta inganta lamarin lantarki a Lafia, mai shago ya san ranakun janareta da kuɗin mai, ya kuma san abin da ƙaramar inbata za ta iya ɗauka. Alƙaluman kamfani a ɗaki mai sanyi aka auna su. A zafin Maris na Lafia, ga ƙurar da hunturu ya bari a fanka, laftof yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Minti biyar na farko ba ya nuna haka. Saboda haka idan mai kaya ya kunna maka ya ce ka gani, ka roƙe shi kujera, ka ɗora wa na'urar aiki mai nauyi, ka bar ta rabin awa kana kallon zafinta da saurinta kafin a fara maganar kuɗi.