Yadda Za A Sa Intanet Ta Kama Da Kanta In An Kunna Kwamfuta

An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu na Kudenda da sauran gundumomin da ke kudancin Kogin Kaduna. Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta masa shi, sa'an nan ya sa malaminsa ya aikata abin da ke ciki.

Dalilin wannan takarda

A yau yawancin takardun da ke tsakanin ofishin Hakimi da Ƙaramar Hukuma da Gwamnatin Jiha ta intanet su ke tafiya. To, a ofisoshi da yawa mutum ɗaya tak ya san inda a ke taɓawa kwamfuta ta kama intanet. Ran da ya tafi hutu, ko ciwo ya kwantar da shi, sai aiki ya tsaya. A ce kogi ya cika da damina har ruwa ya fara shiga gidaje, ko kuwa Mai Unguwa ya kawo labarin amai da gudawa sun ɓulla. Rahoton da ya kamata ya isa da hantsi sai ya kwana, alhali kwamfuta tana nan, kuɗin data kuma an biya.

Dalili na biyu shi ne wutar lantarki. Tun 2009 aka ba da aikin gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 215 a Kudenda, amma shekaru da yawa suka wuce ba ta fara ba da wuta ba. A watan Oktoba na 2024 kuwa jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, bai kamata a ce duk dawowarta sai an nemo wani ya sake haɗa intanet ba. Abin da a ke bukata shi ne na'ura ta yi wannan aiki da kanta.

Mece ce intanet mai faɗin hanya?

Waɗanda suka yi aiki da intanet wajen shekara ta 2000 za su tuna a da ta wayar tarho a ke shigarta. Sai kwamfuta ta buga lamba, a jira, in an gama a katse. Wannan kamar turba ce wadda mutum ɗaya ke bi da ƙyar. Mai faɗin hanya kuwa kamar titin mota ce, tana ɗaukar kaya da yawa a lokaci guda, kuma an yi ta ne don ta zauna a buɗe dare da rana. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 da suka iso Ikko suka fara aiki a 2010, sa'an nan MTN ya buɗe 5G a 2022. Tun da hanya a buɗe ta ke, in kwamfuta ba ta kama ba, galibi laifin yana ga yadda aka shirya ta a ofis.

Hanyoyin da intanet ke shiga ofis iri uku ne, kowace da nata gyara. Malami ya fara duba wace iri ce tasu.

Iri na farko: rauta ko MiFi

Wannan ita ce 'yar na'urar da a ke sa wa layin waya a ciki, ta riƙa watsa intanet cikin ɗaki ba tare da waya ba, watau Wi-Fi. Ita ta fi yawa a ofisoshi. In kwamfutar tana aiki da Windows, ga abin da za a yi:

1. A taɓa alamar intanet da ke ƙasan allo daga hannun dama.
2. A zaɓi sunan rautar ofis.
3. A sa alama a ɗan akwatin da aka rubuta Connect automatically, ma'anarsa ta kama da kanta.
4. A rubuta kalmar sirri, a amince.

Shi ke nan. Daga ran nan duk sa'ad da aka kunna kwamfuta za ta nemi rautar da kanta. In da hali a haɗa su da waya, wannan ya fi, gama kwamfutar da aka soka wa wayar rauta ba ta bukatar wani shiri.

Iri na biyu: layin da ke neman suna da kalmar sirri

Waɗansu kamfanoni in sun jawo waya ko sun kafa faranti a kan rufi su kan ba ofis suna da kalmar sirri. Sunan wannan tsari PPPoE, an kuwa fito da ƙa'idarsa a 1999. Misalinsa kamar dogari ne a ƙofar fada, ba ya barin baƙo ya wuce sai ya faɗi sunansa da wanda ya aiko shi. Hanya mafi kyau ita ce a danƙa wa rauta wannan suna, ita ta riƙa yin sallama a madadin ofis duka. A buɗe shafin rauta ta lambar da ke rubuce a jikinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A nemi wurin da aka rubuta WAN, a zaɓi PPPoE, a rubuta suna da kalmar sirri, a zaɓi ta zauna a haɗe kullum, a adana.

In babu rauta, watau wayar ta shiga kwamfuta kai tsaye, to, sai a yi aiki da wani umurni na Windows mai suna rasdial. A buɗe Task Scheduler, wanda shi ne mai tsara wa kwamfuta ayyuka bisa lokaci. A kafa sabon aiki wanda zai tashi sa'ad da mai kwamfuta ya shiga. A wurin umurni a rubuta rasdial, a bi shi da sunan haɗin, da sunan da kamfani ya bayar, da kalmar sirri. Lalle a sa jinkirin minti 1, domin kwamfuta ta kan riga na'urar kamfani tashi, in ta yi sallama ba kowa a ƙofa sai ta haƙura. A lura, duk wanda ya buɗe wannan aiki zai iya karanta kalmar sirrin, saboda haka ne aka ce hanyar rauta ta fi.

Iri na uku: modem da a ke sokawa a jikin kwamfuta

A buɗe saitin intanet na Windows, a shiga wurin da aka rubuta Cellular, a yarda Windows ta riƙe haɗin da kanta. In modem ɗin tsoho ne mai zuwa da manhajarsa, a duba cikin saitin manhajar, galibi akwai wurin da za a ce ta haɗa da zarar an soka. In layin yana neman lambar PIN, a cire ta, in ba haka ba zai tsaya jiran mai rubuta ta.

In wuta ta ɗauke ta dawo

Yawancin manyan rautoci su kan tashi da kansu in wuta ta dawo, amma kwamfutar tebur sai an danna ta. In ana so ita ma ta tashi, akwai wuri a cikin saitinta na asali, wanda a ke kira BIOS, inda a ke umurtarta ta kunnu da dawowar wuta. Wannan aikin wanda ya ƙware ne, kada malami ya shiga da ka. Kuma kada a yi shi sai akwai sitabilaiza ko UPS, gama wuta ta kan dawo da ƙarfi ta ƙone kaya.

Abubuwa huɗu da za a kiyaye

1. Ƙofar da ta zauna a buɗe tana cin data. Windows ta kan sauko da gyare-gyarenta ba ta tambayi kowa ba. A shiga saitin haɗin a kunna Metered connection don ta rage. Ana duba sauran data ta buga *323# a kowane layi.
2. Kada a yarda kwamfutar ofis ta kama kowace Wi-Fi da kanta sai ta ofis. Wadda ba ta da kalmar sirri tana iya zama tarko.
3. Kama intanet da kanta daban, buɗe kwamfuta daban. Kada a cire kalmar sirrin shiga kwamfuta don neman sauƙi, gama takardun filaye da ƙararrakin talakawa amana ce a hannun Hakimi. Kwamfutar da ke kan Windows 10 kuwa a yi shirin sabunta ta, domin Microsoft ya daina kula da ita kamar da tun 14 ga Oktoba 2025.
4. In allo ya nuna kuskure mai lamba 691, suna ko kalmar sirri ne ba daidai ba, ko kuɗin wata ya ƙare. In 651 ne, a duba waya da na'urar kamfani. In kamfanin waya ya ƙi sauraron kuka, ana kiran Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kyauta a lamba 622.

Aikin Hakimi

Ba a ce Hakimi ya koyi waɗannan duka ba. Abin da ke wuyansa shi ne ya gwada. Bayan malami ya ce ya gama, Hakimi ya sa a kashe kwamfuta da rauta a gabansa, a sake kunnawa, kowa ya janye hannunsa. In bayan minti 3 shafi ya buɗe, aiki ya yi. In bai buɗe ba, da saura. Sa'an nan a rubuta sunan haɗin da kalmomin sirri a takarda, a rufe cikin ambulan, a ajiye inda a ke ajiye hatimin ofis. A kuma koya wa malami na biyu, a maimaita wannan gwaji farkon kowane wata, musamman kafin damina ta faɗi.