ADC: Kamfanin Jirgin da Matuƙa Suka Kafa, da Yadda Ya Durƙushe

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, da hantsi, wani jirgin Boeing 737 ya tashi daga filin jirgin sama na Abuja zai nufi Sakkwato ɗauke da mutum 105. Bai yi nisa ba ya rikito cikin gona kusa da ƙauyen Tungar Madaki. Mutum 96 na cikinsa suka riga mu gidan gaskiya, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da mataimakin gwamnan Jihar Sakkwato. Allah Ya jiƙansu. Yawancinmu a lokacin ko muna goye ko ba a ma haife mu ba, amma mun taso muna jin labarin a bakin manya. Abin da ba a cika ba mu ba shi ne labarin kamfanin da ke da jirgin, wato ADC, wanda daga wannan rana bai ƙara ɗaukar fasinja ba.

Cikakken sunansa Aviation Development Company. Wasu ƙwararrun matuƙan jirgi 'yan Najeriya ne suka kafa shi a 1984, fitacce cikinsu shi ne Kyaftin Augustine Okon. A shekarun nan kamfanin gwamnati, Nigeria Airways, ya fara tangal-tangal saboda bashi da rashin iya riƙo, sai gwamnati ta sassauta wa 'yan kasuwa su shigo harkar. Irin su Kabo a Kano da Okada a Benin duk a wannan zamani suka yi tashe. ADC ya soma jigilar fasinja a Janairun 1991 daga Legas. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne masu shi ba attajirai ba ne da suka ga riba suka shigo, mutane ne da suka san cikin jirgi da wajensa. A 1994 aka saka shi a kasuwar hannun jari ta Najeriya, abin da ba kasafai kamfanonin jiragenmu ke yi ba. Yana zuwa Kalaba da Fatakwal da Abuja da Kaduna, yana kuma ƙetarawa Monrobiya da Firitawun da Banjul da Akara. A taƙaice, ya fara da ƙafar dama.

To me ya kawo cikas? Sai mun fara fahimtar lissafin sana'ar kanta. Kamfanin jirgi a Najeriya da naira yake sayar da tikiti, amma kusan duk wani babban kashe kuɗinsa da dala ne. Kayan gyara daga waje ake sayo su. Babban garambawul da ake yi wa jirgi bayan ya cika wasu awoyi a sama, galibi sai an kai shi ƙasar waje. Inshora da kuɗin hayar jirgi da dala ake biya. Matuƙa kuma dole su riƙa zuwa sabunta horo a na'urar kwaikwayon tuƙi lokaci-lokaci, ita ma a waje take a wancan zamani. Tun da aka kawo tsarin SAP a 1986 naira ke zubewa, don haka kullum abin da ke shigowa yana ƙanƙancewa, abin da ke fita yana kumbura. Ga shi bankunanmu rancen gajeren lokaci suke bayarwa da ruwa mai yawa, alhali jirgi kadara ce da sai an yi shekaru kafin ta mayar da kuɗinta.

Mafitar da kusan kowa ya bi ita ce sayen tsofaffin jirage da kamfanonin Turai da Amurka suka gama yayinsu: BAC 1-11, DC-9, Boeing 727. ADC ma irinsu ya tara. Tsufa shi kaɗai ba ya kayar da jirgi in ana kula da shi yadda littafinsa ya ce, wannan 'yan injiniya za su tabbatar maka. Sai dai araha ba ta ado. Tsohon jirgi ya fi shan mai, ya fi yawan kwanciya a wurin gyara, kuma duk ranar da ya kwanta ba ya kawo ko kwabo, amma albashi da haya ba sa jira.

Sai kuma haɗura suka fara jeruwa. A 1994 da 1995 kamfanin ya yi asarar jiragen DC-9 guda biyu wajen sauka a Monrobiya, Allah Ya sa ba a rasa rai ba. Babban tashin hankalin ya zo ranar 7 ga Nuwamba, 1996. Jirgin Boeing 727 da ya taso daga Fatakwal ya kusa isa Legas, sai aka samu kuskure daga masu ba jirage hanya, ya doshi wani jirgin da ke tahowa. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙin ya karkata don ya kauce, karkatar ta wuce kima, jirgin ya ƙwace masa ya nutse a tafkin Ejirin. Duk mutum 144 da ke ciki suka rasu, har da fitaccen masanin siyasa Farfesa Claude Ake. Ba a cika shekara ba, a Yulin 1997, wani BAC 1-11 na kamfanin ya zarce titin sauka a Kalaba, ma'aikaci ɗaya ya rasu.

Ka lura, laifin haɗarin 1996 ba a wuyan kamfanin kaɗai yake ba. Amma fasinja ba ya karanta rahoton bincike. Sunan da ya gani a jikin jirgin shi yake riƙewa. Jirage huɗu cikin shekara uku ba ƙaramin giɓi ba ne ga kamfani mai jirage 'yan ƙalilan, ga kuma amana da ta fara zaizayewa. A 2000 ADC ya dakatar da aiki don ya nemo sabon jari. Ya dawo a 2002 da Boeing 737-200 guda ɗaya, sannan ya ƙara wasu, ya buɗe hanyoyin Sakkwato da Yola.

Ɗaya daga cikin waɗannan 737 ɗin, ƙirar 1983, shi ne ya faɗi a Abuja. Binciken hukuma ya nuna cewa an sanar da matuƙan yanayi ya ɓaci, hadari ya haɗo da iska mai ƙarfi, har wani matuƙin na wani kamfani ya zaɓi ya dakata, su kuwa suka tashi. Abin da suka shiga shi ne juyin iska na farat ɗaya. Ga yadda yake: jirgi yana tashi ne saboda iskar da ke ratsa fukafukansa. In iska na bugowa daga gaba, tana ƙara masa ƙarfin ɗagawa. In ta juya nan take ta koma bugowa daga baya, sai gudun iskar da ke kan fukafukin ya faɗi, ƙarfin ɗagawa ya ragu. A can sama akwai sararin gyarawa. Daf da ƙasa kuwa daƙiƙoƙi ne kawai. Rahoton ya ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin wannan yanayi, da rashin bin ƙa'idar fita daga juyin iska daidai.

Wannan haɗari ya zo a lokacin da haƙurin jama'a ya ƙare. Ranar 22 ga Oktoba, 2005, jirgin Bellview ya faɗi a Lisa ta Jihar Ogun da mutum 117. Ranar 10 ga Disamba jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makarantar sakandare masu komawa gida hutu. Haɗa da na ADC, rayuka sama da 320 ke nan cikin shekara ɗaya da mako ɗaya. Gwamnatin Obasanjo ta dakatar da lasisin ADC nan take, aka kuma sauya ministan sufurin jiragen sama. Aka sa hannu a kan sabuwar dokar sufurin sama ta 2006, wadda ta ba hukumar NCAA ikon cin gashin kanta. Sannan aka gindaya wa kamfanoni mafi ƙarancin jari: naira miliyan 500 ga mai zirga-zirgar cikin gida, biliyan 1 ga mai zuwa ƙasashen yankin, biliyan 2 ga mai zuwa ƙasashe masu nisa, wa'adi 30 ga Afrilu, 2007. ADC, da ba ya tashi balle ya samu kuɗin shiga, bai iya cikawa ba. Shi da Sosoliso da Albarka da wasu suka rasa izinin aiki. Nan tarihinsa ya tsaya.

Mu a al'adarmu in abu irin wannan ya faru mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma mun yi imani da ƙaddara. Amma labarin ADC ya nuna akwai sabubba da ke hannun ɗan Adam. Ƙwarewar waɗanda suka kafa shi ba ta isa ta riƙe shi ba, domin a wannan sana'a jari da horo da sa idon hukuma igiya ɗaya ce, ko'ina ta tsinke sai an ji a jiki. Shaidar haka ita ce bayan an ƙarfafa hukumar da dokokinta, a 2010 Amurka ta ba Najeriya matsayi na ɗaya a fannin kiyaye lafiyar sufurin sama, wanda ya ba jiragenmu damar zuwa can kai tsaye.

Mu da ke shirin fita da difloma, wasunmu za su tsinci kansu a wurin gyaran injin, wasu a ofishin akanta, wasu a wajen gini. Akwai ranar da oga zai miƙo maka takarda ya ce sa hannu kawai, lokaci na ƙurewa, kwastoma na jira. Abuja ranar nan ma akwai mutane masu muhimmanci da ake jira a Sakkwato. Matuƙin da ya ce zai dakata sai iska ta lafa, ba wanda ya san sunansa a cikinmu, saboda fasinjojinsa ba su shiga labarai ba.