Daga Ƙonni Zuwa Illela: Nisan Taswira da Nisan Tasha

Wanda ya ce zai je Illela a tashar Birnin Ƙonni, tambayar farko da ɗan kamasho zai yi masa ita ce: "Wace Illelar, Alhaji?" Akwai ta Jihar Sakkwato, wadda ɗan kabu-kabu zai kai mutum bakin iyakarta cikin 'yan mintoci. Akwai kuma ta ƙasar Adar, a jihar Tawa, wadda ke arewa da Ƙonni sak.

A taswira, tsakanin Ƙonni da Illelar Adar kusan kilomita 75 ne a miƙe. Ƙaramin jirgin sama ba zai cika rabin sa'a ba. To amma babu jirgin fasinja da ke haɗa garuruwan, kuma kwalta ba ta bi miƙaƙƙen layin ba. Mota takan fara nufar gabas zuwa Tsarnawa, ta bar babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, ta kama ta Tawa har Badagishiri, sannan ta karya yamma. Shi ya sa a tasha ba a tambayar kilomita. Ana tambayar jika nawa ne kuɗin mota, da ko ta kusa cika.

Cikar motar ita ce rabin tafiyar. Fasinja kan sayi wuri da hantsi, ya sha shayi, ya yi azahar, direba na jiran mutum biyu. Ana ɗaure buhuna a sama, a tura awaki ƙarƙashin kujera. Bayan an tashi ga shingen jandarma, ga na duwan, domin yankin iyaka ne. Da damina kuwa, idan ƙorama ta kawo ruwa, ƙauyen da ake hango rumbunansa sai ya zama tafiyar yini.

Jirgi yakan sauka a yankin, amma ba don kowa ba. A Galmi, cikin gundumar Malbaza, asibitin mishan da aka buɗe a 1950 yana da ɗan filin da ƙananan jirage ke sauka da ma'aikata daga Yamai. Majinyatan da suke zuwa dubawa kuwa a mota, a babur ko a amalanke suke isowa. Arzikin yankin ma a ƙasa yake tafiya: simintin Malbaza da albasar Galmi a manyan motoci suke fita, albasar har Abijan da Akara.

Shekarar 2023 ta nuna wa mutanen Ƙonni cewa nisa ba na ƙasa kaɗai ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Illelar Najeriya da ake zuwa cin kasuwa a dawo kafin la'asar ta fi ta Adar wuyar zuwa. Masu 'yan'uwa a tsallake suka koma bin hanyoyin daji a kan babur, suna biyan ninkin kuɗin da suka saba.

Abin da zai rage wa mai naƙuda ko manomin albasa nisa shi ne gada a kan ƙorama, da hanyar da ba ta yankewa a watan Agusta, da raguwar shingaye. Waɗannan ne ke yanke ko mutum zai kwana a gida ko a tasha.